Tarihin Kwalejin Barewa ya wuce lissafin sunayen manya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan Kwalejin Barewa ta Zariya, don na gaji da yadda muke ba da tarihinta. Duk inda aka tada zancen, ko a rediyo ko a Facebook ko a majalisar bakin titi, abu ɗaya za ka ji, wai makarantar da ta fitar da shugabannin ƙasa biyar, sai a jero Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa, a ɗora Sardauna a kai, sai kowa yace Allahu akbar, shikenan an tashi. Haka aka yi ta yi a 2021 lokacin da ta cika shekara 100. Ba ƙarya ba ne, duk sun zauna a ajinta. Amma ba mai tsayawa ya tambaya me aka yi wa yaran nan a cikin makarantar har suka fito haka, kuma me ya sa da wuya ka ga mai hali a yau ya ɗauki ɗansa ya kai makarantar kwana ta gwamnati. Ni dai ban yi Barewa ba, wata makarantar kwanan na yi, na kuma koyar a irinsu har na yi ritaya, to ba kishin tsohon ɗalibi ne ya sa ni rubutu ba.

Abu na farko da yaranmu da yawa ba su sani ba, makarantar ba a Zariya aka haife ta ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, kuma ba sakandare ba ce a lokacin, kwalejin horon malamai ce. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa musu addini ba, saboda haka aka taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. To su kuma 'yan mishan su ne masu buɗe makarantu a Kudu, Legas tana da sakandare ta mishan ɗin CMS tun 1859. Nan Arewa sai a 1909 Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka samu 'yan makarantun lardi, sai matsala ta taso, wa zai koyar? Ba a so a ɗauko malamai daga Kudu, Turawan kuma ba su da yawa ga tsada. Shi ne aka ce bari a yi wuri ɗaya da za a riƙa ɗebo yara daga larduna a horar da su shekara biyar su koma garuruwansu su riƙe aji. Iyakar nufin kenan. Ba wanda ya zauna yace zai ƙera firimiya ko firayim minista, malaman makaranta ake nema masu ladabi da biyayya ga sarki da Razdan.

Zaɓen Katsina ma da dalili. Clifford da bakinsa ya nuna cewa gari ne da aka sani da ilimi da addini tun da can, garin Gobarau da su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, sannan kuma jirgin ƙasa bai kai can ba, babu hayaniyar kasuwanci irin ta Kano. Wannan na biyun ni a ganina shi ne ainihin maganar, ana so yara su yi nesa da tasha da 'yan Kudu da jaridun Legas masu caccakar gwamnati. Ga kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wanda ya karɓi abin hannu bibbiyu. Ginin farko na ƙasa ne irin namu, yana nan har yau a cikin birnin Katsina an mai da shi gidan tarihi, duk wanda hanya ta bi da shi ya daure ya leƙa, zai sha mamakin ƙanƙantar wurin da mutanen nan suka fito.

Abin da aka yi a cikin ginin nan shi ya kamata mu tsaya a kai. Yara kaɗan ne, kowane lardi da nasa kason, malami ya san kowa da sunansa da garinsu da inda yake da rauni. Shugaban farko Mista Bienemann ne, akwai Turawa, akwai kuma malamai namu irin su Malam Bello Kagara wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ana karatun Larabci da addini gefe da gefe da lissafi da tarihi da labarin ƙasa. An matsa wa Turancin baka lamba ƙwarai, a sa yaro ya yi ta maimaita kalma har sai ta fita daidai, shi ya sa da Tafawa Ɓalewa ya fara magana a majalisa har Turawan kansu suka riƙa sakin baki, aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Ba a London ya koyo ta ba, sai a 1945 ya je can, da abarsa ya tafi daga Katsina. Da yamma kuma wasa dole ne, kurket da wasan nan na fayis da ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda wani malami Hogben ya kawo daga Ingila. A can Ingila wasan 'ya'yan masu hannu da shuni ne, amma nan ya samu gindin zama har Sardauna bai daina buga shi ba yana firimiya, kuma har gobe ana yin sa a Katsina da wasu garuruwan Arewa.

Sai babban abin, wanda ba ya cikin manhaja. An ɗauko Basakkwace da Babarbare da Banufe da ɗan Bauci da ɗan Ilori da Bafulatanin Adamawa an zuba su gida ɗaya, kwano ɗaya, shekara biyar. Kafin nan ina ɗan Borno zai san ɗan Bida? Ahmadu Bello ya shiga 1926 ya fita 1931, jinin Shehu ne, amma Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya biyo bayansa ya gama a 1933 ba ɗan sarauta ba ne, ɗan ƙauye ne daga ƙasar Bauci. Kashim Ibrahim daga Borno, Aliyu wanda ya zama Makaman Bida, Isa Kaita, Abubakar Imam daga Kagara, Sulaimanu Barau na Abuja. Duk wanda ya dubi gwamnatin Jihar Arewa ta shekarun 1950 zai ga kusan taron tsofaffin ɗalibai ne, firimiya da ministan kuɗi da ministan ilimi da wanda ya zama gwamna a 1962 duk sun san juna tun suna sa gajeren wando. Wannan Arewa ɗaya da ake ta yi mana kirari da ita, wani babban yanki nata a ɗakin kwanan ɗalibai aka ƙulla shi.

Kuma dan Allah a lura, kusan dukkansu alli suka fara riƙewa. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a ba shi hakimcin Raba a 1934. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta. Makama ya riƙe Midil ta Bida. Shagari malamin kimiyya ne a Sakkwato. Wato yaron da ya fi kowa ƙoƙari a lardi shi ake mayarwa aji, shi kuma ya ƙyanƙyashe wasu. Yau fa? Wanda ya rasa gurbin likita da lauya da injiniya da komai shi ake turawa kwas ɗin malanta, shi ma yana shiga yana neman ƙofar fita. Na zauna a ɗakin malamai na ga wannan da idona, ba labari aka ba ni ba.

A wajen 1929 aka ɗaga darajarta ta zama babbar kwaleji, aka fara shigo da kimiyya, sannan a 1938 aka kwashe ta zuwa Kaduna ta koma Kwalejin Kaduna. Zamanin Kaduna shi ne ya fi burge ni, don a nan ne abin ya fara kuɓuce wa masu shi. Malam Aminu Kano ɗan wannan zamanin ne, ya gama a 1942 ya tafi Bauci koyarwa, can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, shi ma tsohon ɗalibin Katsina ne da ya wuce babbar kwalejin Yaba a Legas. Ka ga makarantar da aka gina don ta fitar da masu cewa ranka ya daɗe, sai ga ta ta fitar da mutanen da suka fi kowa damun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, da Turawa. Tun 1939 tsofaffin ɗalibai suka yi yunƙurin kafa ƙungiya, hukuma ta riƙa yi mata kallon hadarin kaji har ta lafa. A 1948 Malam Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, a 1950 aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU, a wannan shekarar kuma Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ta girgiza fadodi. To da mai gwamnati da mai adawa duk 'yan gida ɗaya ne. Masu jero sunaye sukan tsallake wannan, alhali shi ne shaidar cewa karatun na gaske ne, don in ka koya wa yaro tunani ba kai za ka zaɓa masa abin da zai yi tunani a kai ba.

Malam Edita, kai ma da kake zaune a kujerar nan kana da kaso a ciki. Gasar rubutun Hausa da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a 1933, cikin waɗanda suka yi fice akwai Abubakar Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa, duk 'yan Kwalejin Katsina, biyu ɗalibai ɗaya malami. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Imam ne editanta. Mutanen da aka fi gasa wa Turanci su ne suka kafa harsashin rubutun Hausar boko da muke taƙama da shi, ba su ɗauka iya Turanci na nufin raina harshen gida ba. Wannan kuma sai a gaya wa makarantun kuɗin da ke cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji.

A 1949 aka sake tashi, wannan karon zuwa Zariya, inda take har yau a unguwar Gaskiya. Ta zama sakandaren Zariya, daga baya Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata Barewa. Sunayen gidajen kwananta kaɗai sun isa darasin tarihi, akwai Lugga, Clifford, Ɗan Hausa, Bienemann, Mort, Malam Smith, ga kuma Bello Kagara, Nagwamatse, Ja'afaru da Sulaimanu Barau. Wasu na cewa a goge na Turawan, ni ban goyi baya ba, a bar su yaro ya tambaya waye wannan a ba shi labari da daɗinsa da ɗacinsa. Zamanin Zariya ne ƙofa ta ƙara buɗewa, Yakubu Gowon Kirista ne ɗan Angas da ya tashi a Wusasa, ya yi karatu a nan a farkon shekarun 1950, Murtala ya biyo baya. Lokacin ne kuma manyan Arewa suka riƙa zuwa suna kwaɗaita wa yara shiga soja saboda an ga hafsoshi 'yan Arewa ba su da yawa. Birgediya Zakariya Maimalari ɗan makarantar ne. Juyin mulkin daren 15 ga Janairu 1966 ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari, wata shida bayan nan mulki ya faɗo hannun Gowon, a 1975 aka kifar da shi aka ɗora Murtala. Ko a juyin mulki ma, wanda aka sauke da wanda aka ɗora tsofaffin ɗaliban wuri ɗaya ne.

To amma fa mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Dalilin da ya sa makaranta ɗaya ta fitar da wannan tarin manya shi ne kusan ita kaɗai ce. Yankin da ya fi rabin ƙasar nan girma, amma shekara kusan 30 gwamnati na da babbar makaranta ƙwaya ɗaya tal a cikinsa, sai a 1949 aka samu ta Keffi. In kogi ɗaya ne a gari ai dole duk kifin da aka kama a ce daga cikinsa ya fito. Nawa ne masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka ƙare rayuwarsu ba su taɓa ganin allon aji ba saboda kason lardinsu ya cika, ko don hakimi bai ga dama ba, ko iyaye sun ɓoye su a rumbu don tsoron kar a mai da su kafirai? Kuma shekarun farko ba a shirya ɗaliban don jami'a ba, an tsaya ne a daidai abin da En'e ke buƙata. Likitan farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko, ba ta Katsina ya bi ba, ta makarantar mishan ta Wusasa ya bi ya wuce King's College ta Legas sannan Birmingham. Mata kuwa ba a ma maganarsu, sai a 1956 aka buɗe Queen Elizabeth a Ilori. Ranar da aka karɓi 'yancin kai a 1960 da wannan giɓin muka shiga, shi ya sa Sardauna ya riƙa gudu-gudu da manufar mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa da kafa jami'a a Zariya a 1962. Saboda haka jerin sunayen nan abin alfahari ne ta wani gefen, ta wani gefen kuma shaida ce ta irin rowar ilimin da aka yi mana, da wadda muka yi wa kanmu.

Mu da muka shiga makarantun kwana na gwamnati daga baya mun tarar da sauran wannan tsarin, shi ya sa nake iya faɗin yadda yake. Ranar tafiya akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, an rubuta sunanka da fenti, ciki akwai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari a ƙulle a leda, sai bokiti da fitila. Kana sauka a ba ka gado da bargo da yunifom da littattafai, sabulu ma ana rabawa, in hutu ya zo a ba ka kuɗin mota. Ƙararrawar asuba, sallah, shara, wanka da ruwan sanyi ko da hunturu ne, kunu da ƙosai, asambuli. Tuwon dare mukan kira shi gabza, miyar kuka tsululu kana ganin fuskarka a ciki, amma dai sau uku ake ci kuma ba wanda aka kora don ubansa bai biya ba. Bayan isha'i firef, aji tsit ba ka jin komai sai ƙarar fitila da juya takarda, firifet na zagawa, malamin da ke duti ya leƙo ta taga ba ka san ya zo ba. Asabar insifekshan, hausmasta ya shafa yatsa a saman taga, in ya ga ƙura ranar gidanku ba fita gari. Yaron da ke gadon sama da nawa ɗan wani babban ma'aikaci ne, ni kuwa babana manomi, tare muke jiƙa kwaki a kofi ɗaya, in siniya ya kama mu tare muke tsallen kwaɗo. Ban ce komai daidai ne ba, cin zalin da siniyoyi ke yi wa ƙanana wani lokacin ya wuce tarbiyya ya zama mugunta, akwai yaran da suka gudu ba su dawo ba saboda shi, kuma ban ga dalilin da za a riƙa ba da labarinsa ana dariya kamar abin kirki ba. Amma zaman ɗan babba da ɗan talaka a ɗaki ɗaya yana da wani amfani da ba a lissafawa, in rufi ya fara yoyo uban wancan zai ji, kuma in ya ji za a gyara.

Yadda abin ya zube kuwa ba boyayye ba ne. An raba Jihar Arewa a 1967, makarantun da ke ɗebo yara daga ko'ina suka koma hannun jihohi, kowace jiha ta fi kula da nata. Farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe na mishan, St Paul's ta zama Kufena, St John's ta zama Rimi, nauyi ya ƙaru. UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976, abu ne mai kyau, amma bayan shekara shida yaran suka yi ambaliya zuwa sakandare ba a tanadi aji da gado da malami daidai su ba. Aka shigo da tsarin 6-3-3-4, ajin HSC da ke gasa yaro kafin jami'a, irin wanda 'Yar'aduwa ya zo Barewa ya yi bayan ya gama Keffi, ya bi ruwa. Kuɗin mai ya faɗi, SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ta zo a 1986, naira ta karye, malaman Indiya da Pakistan da Ghana da ke riƙe da lissafi da kimiyya suka tattara suka tafi, namu kuma masu ƙoƙari suka koma banki da kwastan. Ɗan kwangilar abinci ya zama ya fi firinsifal ƙarfi. A makarantar da na koyar, wadda ba zan kama sunanta ba, na ga ɗakin gwaje-gwaje da aka mai da shi sito, ana koya wa yara yadda ake haɗa sinadari da baki da zane a allo, ranar jarrabawar firaktikal ce ranar farko da wasunsu suka taɓa kwalbar gwaji. Daga nan manya suka janye 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da Turai, kuma tun da suka janye ba wanda yoyon rufin ke hana shi barci.

Sai kuma wannan masifa ta tsaro da ta zo ta ƙarasa. An kai wa makarantu hari a Buni Yadi da Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Kagara da Jangebe da Birnin Yawuri a 2021. Jihohi suka rufe makarantun kwana da dama ko suka mai da su jeka-ka-dawo. Ban ga laifin uban da yace ɗansa ba zai kwana a makarantar da ba katanga ba, ni ma ba zan bari ba. Amma a sani yaron ƙauyen da ba sakandare a kusa da shi, in aka rufe ta kwana an rufe masa karatu ne gaba ɗaya, yarinya kuwa sai aure. Irin su Tafawa Ɓalewa na wannan zamanin su ne ke zaune a gida.

Wani zai ce ai wancan zamani ne na Turawa, ba zai dawo ba. Ban yarda ba, don an gwada bayan tafiyarsu kuma ya yi. A 1977 Jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ba wani sihiri aka yi ba, jarrabawar shiga ta gaskiya, adadin da za a iya ɗauka, kwana, abinci, malamai ƙwararru da aka ba su gida da haƙƙinsu, hukuma ta daban mai kula da su. Je ka asibitoci da jami'o'in Arewa yau ka ƙirga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga Dawaki. Abin da aka yi a Katsina a 1921 ne aka maimaita, sai dai wannan karon mu muka yi da kanmu kuma don kimiyya.

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, BOBA, tana ƙoƙari, haka takwarorinta na Rumfa da Alhudahuda da Keffi da sauransu, Allah ya saka. Amma yawancin abin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke yi gini ne, a gyara get, a yi fenti, a sa allo da sunan ajin shekara kaza, a ɗauki hoto. Fenti ba ya koyar da lissafi. Da za su ji tawa, da kuɗin ya fi tafiya wajen malami, a gyara gidajen malamai na cikin makaranta don su dawo su zauna kusa da yara, a ƙara wa na kimiyya da Turanci wani abu a kan albashi don kar su gudu, a tsaya a kan jarrabawar shiga kar katin wani babba ya shigar da yaro. Gwamnonin Arewa 19 kuma da ke taro a Kaduna kullum, me zai hana su ɗauki makaranta ɗaya ko biyu irin wannan su mai da ita ta kowa, kowace jiha ta turo kasonta ta biya musu, ɗan Binuwai ya kwana kusa da ɗan Yobe kamar da? A da an yi musayar ɗalibai tsakanin jihohi, ba sabon abu ba ne. A yi ta mata ma daidai da ta maza, kar a maimaita kuskuren Turawa. Sannan tambayar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, a cikin masu zuwa taron tsofaffin ɗalibai da manyan motoci, mutum nawa ne ɗansa ko jikansa ke kwana a gidan da shi ya kwana?

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinka Katsina ya ɗauko mana hoton tsohon ginin da labarinsa, ya je Zariya ya zauna da malamai da ɗaliban yanzu ya ji ta bakinsu, sannan ya nemi dattawan da suka yi makarantar a shekarun 1950 da 1960 tun suna raye, ba manyan da aka saba ji kaɗai ba, har waɗanda suka ƙare a malaman firamare da ma'aikatan gona da na asibiti. A tambaye su wa ya koyar da su, me suke ci, yara nawa ne a ajinsu, wane littafi suka karanta. Ku buga shi kashi-kashi da Hausa yadda yaran da ke makarantun gwamnati yanzu za su iya karantawa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin sakandare